Akwatin da Baba Ya Yaba

Furfura ta fara leƙo masa a gemu, 'ya'yansa ma sun kai tafiya makaranta da ƙafarsu, amma har yau Auta ake ce masa, kuma yana amsawa. Duk layin an san shagonsa na kafinta da ke manne da gidansu. Ɗaki ne guda mai taga guda, injin yanka a tsakiya, injin gugar katako a jikin bango, ga teburin aiki da ya girmi Auta nesa ba kusa ba, sai wata ƙaramar ƙofa da ke ɓullewa ɗakin mahaifinsa.

Baba ne ya kafa shagon. Da idonsa ya tafi, ya miƙa wa Auta zarto da guduma, amma kujerarsa kam bai miƙa ta ba. Kullum da safe sai ya lalubi bango ya fito, ya zauna a kusurwarsa, ya karkata kai yana sauraro. Da kunne yake aikinsa yanzu. Daga kukan zarto zai gaya maka katakon ɗanye ne ko busasshe, haƙoran sun dakushe ko mai turawar ne yake gaggawa. Kuma sai ya faɗa, don Baba bai taɓa iya riƙe gyara a bakinsa ba. Yabo ne dai yake masa wuyar fita. Auta ya yi ƙofofi da gadaje da kabad ba adadi, mutane suna zuwa daga nesa nemansa, amma in ya kawo wa tsohon aiki ya shafa, abin da zai samu bai wuce gyaran murya da tambayar ko an share ƙasa ba.

Sai tari ya zo. Da farko kaɗan-kaɗan, daga baya ya zama irin wanda ke naɗe mutum biyu ya bar shi yana laluben numfashi. Yaya, babbar 'yar Baba, ita ta zo daga garin da take aure ta sa shi a mota zuwa asibiti, yana faɗa tana yi masa kunnen uwar shegu. Likita ya ce huhun ya sha ƙurar katako iya shanta, in aka ƙara masa kuma, to a kuka da kai.

Yaya kaifi ɗaya ce. Da suka dawo ta shiga ɗakin Baba, ta goga yatsa a kan rediyonsa, ta ɗaga wa Auta yatsan a gaban hanci. Ta ce ko an hana tsohon shiga shago, ƙurar tana bin sa har kan matashi ta ƙasan ƙofa. Ƙarshen wata za ta dawo da mota ta tafi da shi gidanta, can saman bene, inda ba a san dusar katako ba. Auta ya roƙa, ya rantse, ya kawo hujja, duk ta ture. Da ta gaji da shi ta ce to shi ke nan, in ta dawo ta tarar ana yanka katako a shagon nan babu ƙura, Baba ya zauna. Ta faɗa ne kawai don ya ƙyale ta, domin a saninta ba a taɓa raba kafinta da ƙura ba.

Auta ya san gidan Yaya. Gida ne mai kyau, tsaf-tsaf, ƙasa sumul kamar faranti, kuma babu abin ji a cikinsa sai talabijin da ƙarar motoci daga ƙasa. Ya san za a kula da Baba a can fiye da yadda shi zai iya. Ya kuma san mutumin da duniyarsa ta rage a kunne da tafin hannu, in aka zaunar da shi a wurin da ba ya gane komai, ba zai daɗe ba. Abin da ya hana shi sukuni ke nan, har ya fara rama.

Ya shiga kasuwar 'yan tsofaffin ƙarafa ya samo wani inji mai fanka a ciki, irin mai zuƙar iska da ƙarfi. Ya samo duro, ya samo bututun roba mai faɗi da tiyo. Ya huda murfin duron yadda iska za ta shiga ta gefe ta yi ta juyawa a ciki, dusa mai nauyi ta zube ƙasa, sauran ƙurar mai laushi kuma wata matatar iska da ya saka ta tare ta kafin ta kai ga injin. Ya ja bututu ɗaya zuwa ƙarƙashin injin yanka, ɗaya zuwa bakin injin guga, ya naɗe kowace mahaɗa da salatif. Ranar da ya kunna, abin ya yi aiki har ya ba shi tsoro. Ya zuba dusa a tafin hannu ya kai kusa da bakin tiyo, kafin ya ƙifta ido hannun ya koma wayam.

Sai dai fa kuka. Kai, injin nan yana da baki! Kofunan matar Auta suka kama rawa a kan kantar ɗaki, maƙwabta suka leƙo suna tambayar ko lafiya, shi kansa Auta sai da ya ɗaga murya kafin ya ji abin da yake faɗa. Ya kamo hannun Baba ya zaunar da shi a kusurwarsa, ya kunna injin yanka ya tura katako, yana ta waiwayen tsohon da murna. Iska kam fes. Baba ya karkata kai dama, ya karkata hagu, yana neman muryar zarton a cikin wannan ruri bai same ta ba. Can ya miƙe ya lalubi bango. Da Auta ya kashe komai ya bi shi, ya tarar da shi zaune a bakin gado.

“Ido ya tafi na haƙura,” in ji Baba. “Kunnen ma za ka karɓe? Ka ce wa yayarka na yarda, ta zo.”

Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri.

To, kafinta in ya ga matsala, akwati yake fara tunani. Auta ya ce tunda injin ba zai yi shiru don kansa ba, zai gina masa ɗakin da kukansa ba zai fito ba. Ya zaɓo katako mai kauri daga wanda yake ɓoyo don manyan ayyuka. Ya yi bango biyu, ya cusa soson tsohuwar katifa a tsakaninsu. Ya yanko tsohuwar taya ya yi wa injin matashi don kada girgizarsa ta bi ƙasa. Bai yarda ƙusa ko ɗaya ta shiga kusurwoyin ba, sai dai ya fere haƙora a bakin kowane katako su shiga juna kamar yatsun hannu, ya bi da gam. Murfin ma ya zagaye shi da roba, in ka rufe sai ka ji ya kama gam. Rami ɗaya tak ya bari, inda bututun da ke fitowa daga duro zai shiga, shi ma ya toshe gefensa sarai.

Duk wannan aikin da hannu ya yi shi, ba inji, saboda haka shagon ya yi tsit sai ƙarar sassaƙa da bugun guduma a hankali. Wannan ƙarar ce ta fito da Baba. Ya tsaya a bakin ƙofa da takunkumin fuska da Yaya ta tilasta masa, ya tambayi abin da ake ta ƙwanƙwasa. Auta ya kai shi gaban akwatin ya ɗora hannunsa a kai.

Tsohon ya durƙusa da ƙyar. Ya bi kusurwar farko da farcen babban yatsa daga sama har ƙasa, yana neman inda farcen zai maƙale, bai samu ba. Ya bi ta biyu, ya zagaya baya, ya buɗe murfin ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe yana sauraron yadda yake kamawa. Auta yana tsaye yana jiran a tambaye shi ko an share ƙasa.

“Wannan aiki ne,” in ji Baba, hannunsa yana kan murfin. “Ko ni a zamanina iyakar abin da zan yi ke nan.”

Ƙato da gemunsa, sai ga Auta ya ce zai duba wani abu a waje. Ya fita bayan shago ya tsaya a gaban tulin guntayen katako, yana goge ido da bakin riga yana jin kunyar kansa. Tun yana yaro yake jiran wannan maganar, har ya fid da rai da ita.

Da yamma suka saka injin a ciki suka rufe. Auta ya danna makunni, sai wani ɗan gurnani can ƙasa-ƙasa, wanda bai fi na firji ba. Matar Auta ta leƙo tana tambayar yaushe za a kunna, aka ce mata ai yana kunne. Baba ya zauna a kujerarsa, Auta ya kunna injin yanka, tsohon ya karkata kai, fuskarsa ta saki. Har ya fara faɗa cewa ana tura katakon da gaggawa.

Murnar ba ta yi nisa ba. Auta ya lura dusa ta fara tsalle a kan teburin injin kamar da. Ya kai hannu bakin tiyo, zuƙar ta yi sanyi, kamar numfashin mai barci. Baba ne ya ɗaga hanci ya ce wani abu yana ƙauri. Auta ya yi tsalle ya kashe, ya ɗaga murfin, wani zafi ya daki fuskarsa, jikin injin ba ya taɓuwa.

Maƙwabcinsu mai gyaran salansar babura, wanda kowa ke kira Mai Salansa, shi ƙaurin ya jawo. Ya zagaya akwatin yana yaba kyansa, ya tambayi ta ina iska take shiga, aka nuna masa. Ya tambayi ta ina take fita. Auta ya dubi Baba, Baba ya karkata kai wajen Auta. Mai Salansa ya dafa bango ya yi ta dariya har da hawaye. Ya ce sun cika wa bawan Allah ciki da iska sun toshe masa duk wata mafita, sannan suna mamakin ya shaƙe. Ya ce wannan kuskuren sai kafintoci, mutanen da tun suna yara ake dukansu a kan barin kafa a jikin aiki. Gaskiya ya faɗa. Su biyun nan, uba da ɗa, ba su taɓa gina wani abu da niyyar iska ta ratsa shi ba, kuma da suna shafa akwatin suna jin daɗi, babu wanda abin ya faɗo masa a rai.

Da injin ya huce Mai Salansa ya duba shi ya ce an yi sa'a koyil, wato wayar cikin injin, bai ƙone ba, saura ƙiris. Ya koma shagonsa ya ɗauko wata tsohuwar salansa da ya tsaga biyu, ya nuna wa Auta cikinta, ya kama hannun Baba ya bi da yatsansa ta hanyar da hayaƙi ke bi. Hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce, lungu-lungu ce. Ya ce iska ba ta damu da kwana ba, za ta lanƙwasa ta fita abinta, ƙara ce ke gajiya a hanya in ta yi ta karo da bango mai laushi. Abin da za a yi shi ne a yanka babban rami a gefen akwatin, a haɗa masa irin wannan lungu na katako, a shimfiɗe cikinsa da soso, a fitar da bakinsa waje ta bangon shago.

Auta ya gane sarai. Amma ya kasa. Ya ɗauki zarto ya tsaya a gaban akwatin ya ajiye. Ya gwada barin murfin a ɗage kaɗan, kukan ya dawo sabo. Ya gwada huda 'yan ƙananan ramuka a ƙasa inda hannun Baba ba zai kai ba, ba su isa komai ba. Ya fara maganar wai zai yi wani akwatin daban, a ajiye wannan, alhali ya san babu sauran katako irin wancan, kuma wata ya kusa ƙarewa. Matarsa ta zuba masa ido har ta gaji, rannan da ta kawo masa shayi ta tambaye shi, shin akwatin yake so ya zauna a gidan ko tsohon. Ya sha shayin yana hura hanci.

Baba yana ɗaki amma ba abin da ya wuce kunnensa. Ya ji ana ɗaukar zarto ana ajiyewa, ya kuma san ɗansa. Da safe ya lalubo ya fito, ya ce a ba shi fensir. Ya ƙwanƙwasa gefen akwatin da bayan yatsa har ya gano inda babu ginshiƙi a ciki, ya auna da tafin hannu, ya ja layi huɗu, karkatattu amma a inda ya dace.

“Yanka nan.”

“Baba, shi ne fa wanda ka ce...”

“Na san abin da na ce. Na riga na faɗa, zarto ba zai goge shi ba. Yanka.”

Auta ya yanka. Bai ji daɗi ba ko kaɗan, don me za a ɓoye, amma da guntun katakon ya faɗi ƙasa sai ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi. Daga nan aiki ya tafi da sauri. Ya haɗa lungun da guntayen da ke bayan shago, kwana uku a jere, ciki duk soso, Mai Salansa ya taya shi fasa bango. Abin ya fito wa akwatin a gefe kamar ƙusumbi, babu kyan gani ko kaɗan. Baba ya shafa ya ce kusurwar hagu ta karkace. Aka kunna, gurnanin ya ɗan fi na da kaɗan, amma zuƙar ta dawo da ƙarfinta, kuma aka wuni ana aiki jikin injin bai wuce ɗumi ba. Auta ya liƙa roba a ƙasan ƙofar ɗakin Baba, matarsa ta fitar da komai na ɗakin ta wanke ta goge.

Duk da haka, ranar da Yaya za ta zo Baba ya haɗa jakarsa ya ajiye a bakin gado. Ya ce ya san 'yarsa, halinsa ta ɗauko.

Ta iso da hantsi. Ta gaida mahaifinta, ta amsa gaisuwar Auta a taƙaice, ta ƙi zama. Ta ce a rufe ƙofar waje a bar taga kawai, don tun tana yarinya ta san yadda hasken tagar nan yake tona asirin ƙura. Ta sa Auta ya ɗauko katako mafi bushewa ya yanka, ya kai injin guga ya goge, ya sake yankawa. Ita kuma ta tsaya ta harɗe hannu tana kallon hasken da ya ratso ya sauka a kan tebur. 'Yan ƙwayoyi ne jefi-jefi suke yawo a cikinsa, ba su fi na kowane ɗaki ba. Ta buɗe duron ta ga inda dusar ta taru. Ta fita ta sa hannu a bakin lungun ta ji iska tana fita. Ta dawo ta tambayi Baba maganinsa da abincinsa da barcinsa, yana amsawa daga kujerarsa, ba wanda ya ɗaga murya ko da yake injin yana aiki. Tari sau ɗaya ya yi, shi ma guntu.

Daga nan ta shige ɗakin Baba. Auta ya ji ƙarar zif ɗin jaka. Ya kashe injuna ya tsaya riƙe da katako, ya rasa inda zai ajiye shi.

Ta daɗe a ciki. Da ta fito ba jakar ce a hannunta ba, wata 'yar leda ce a ƙulle, cike da sassaƙen katako, irin siraran nan masu naɗewa da ke fita in an fere da hannu. Ta ce a tsakanin rigunansa ta same ta, mene ne wannan kuma.

Baba ya miƙa hannu ya taɓa ledar kamar yaron da aka kama.

“Ba ƙura ba ce, sassaƙe ne, ba ya tashi,” in ji shi. “Na ce in na farka a can ban san inda nake ba, sai in shinshina.”

Yaya ta zauna a kan teburin aiki, ita da ta ƙi zama tun zuwanta. Ta kwance bakin ledar ta kai hanci, ta daɗe a haka. Da ta ɗago idonta ya kaɗa, sai ta huce a kan Auta. Ta ce takunkumi ba zai bar fuskar Baba ba in ana guga. Duron nan a waje za a riƙa zubar da shi, kuma ba a gaban tsohon ba. Matatar a riƙa kakkaɓe ta kafin ta toshe. Asibiti kuma duk ranar da likita ya sa, ko ana ruwan ƙanƙara. In ta ji tarin ya ƙaru, ba za ta yi shawara da kowa ba. Auta yana ta cewa to, to, to. Bai san haka yake a ɗaure duk watan nan ba sai da ya ji kansa ya saki.

Da la'asar ta yi sallama. Baba ya miƙa hannu a ba shi ledarsa, ta ce a'a, shi ai ga shagon nan gaba ɗaya an bar masa.

“Wannan ni zan tafi da ita. Ni ma a nan na tashi.”

Ta saka ta a jakar hannunta ta shiga mota. Auta ya tsaya har motar ta sha kwana, sannan ya koma ciki ya fara mayar da rigunan Baba cikin kabad, tsohon yana zaune a bakin gado yana gaya masa ba haka ake ninke riga ba.